Allurar Ruwa

A farkon shekarun tamanin na dawo daga babban karatun aikin jinya, kaina a kumbure. Shekara uku malamai suna nanata mana manufar karatun: mai jinya ya daina aiki ido rufe, ya nemi hujja, ya gyara na ƙasa da shi. Ni gyaran kawai na riƙe.

Aka ba ni zagayen duba ƙananan asibitocin Damargu. Na fara da wani ƙauye a kwarin Tarka, wurin tsohon majo, wato shugaban masu jinya, wanda ya koya mini neman jijiya ina sabuwar hannu. Saura wata takwas ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Mutanenmu ba su yarda an yi musu magani ba sai allura ta shiga jiki. Ka ba makiyayi ƙwaya, ya yi godiya, ya watsar a bayan shinge. Majo kuwa sai ya tsira masa ruwan nan mai tsabta da ake dama magani da shi, ya ce allurar ba ta ci sai an haɗiye ƙwayar a gabansa. Suna haɗiyewa, suna warkewa. Mu biyu kaɗai muka san sirrin, don da hannuna na sha cika masa sirinjin.

Ya yanka mini zabo, na ci, muka yi dariya. Na koma ofishina a Tanut na rubuta rahoto a kan allurar ruwan, shafi huɗu, da Faransanci mai kyau. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Kafin damina aka kore shi. Marasa lafiya suka daina zuwa, wannan kuwa bai shiga rahotona na gaba ba.

Sau ɗaya ya zo ofishina, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗiyata, wata takwas fa."

Na amsa masa da Faransanci cewa ina da taro.

Bayan shekara biyu ya rasu, na je gaisuwa. Matarsa ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta kawo fura, ta kama hannuna.

"Har ya cika bai faɗa mana wanda ya rubuta takardar nan ba. Ke da kike sama yanzu, ki bincika mana, don Allah. Ba abin da za mu yi. Mu dai san wanda za mu bari da Allah."

Na ce zan bincika, Inna. Na shanye furar.