Wutar da Ba Ta Isa Ɗakin Baya Ba

Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi aka kira ni aka ce Allah ya karɓi ranka. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Amma abokina, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Tare muka tsufa a aikin wayar lantarki, muna tsokanarka da Sarkin Lissafi. In aka haɗa waya mai kauri da siririya a layi ɗaya, mu da ido muke ƙiyastawa mu wuce. Kai kuwa sai ka tsuguna da alli a ƙasa, ka raba layin gunduwa-gunduwa, kowace da tsawonta da kaurinta da nauyin da za ta ɗauka. Ka fitar da ƙarfin wutar da kowace ke cinyewa, ka tara, sannan ka faɗi abin da zai isa ƙarshe. Da haka ka gano wa wata tela siririyar wayar da aka binne mata a tsakiyar layi, wadda ta sa kekenta ke gurnani ba ya juyawa. Ka canza ta, ko ruwa ba ka tsaya sha ba.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da kai, likita ya ɗora ka a kan injin da ke ba ka iska. Babban ɗanka ya gyara gida, ya mayar da kai ɗakin baya, aka ja maka wuta da ragowar wayoyi: mai kauri daga mita, matsakaiciya ta falo, siririya zuwa bakin gadonka. Da an kunna firji da dutsen guga sai injin ya yi ƙara ya tsaya.

A kwance ka yi lissafin, ka faɗa musu. Suka ce rigimar tsufa ce. Na ɗauko sabuwar waya na zo, ɗan naka ya tare ni a ƙofa.

"Baba, a yi haƙuri. Kwanan nan aka yi fenti, ba za a bar waya tana bin bango ba. A bari zuwa wata mai zuwa."

Kana jinmu daga ciki. Da ƙyar ka ɗaga murya ka ce, "Ƙyale shi, kada ku yi faɗa a kaina."

Ban ce su suka kashe ka ba, kwana ne ya ƙare. Amma ka sha wuyar numfashi a gidan da ka gina, kuma ka san dalili.

Jiya na je gaisuwa. An kafa rumfa a tsakar gida, an jera wa baƙi fankoki. Na bi wayar da ido: guda ɗaya ce mai kauri tun daga mita, an kafe ta da ƙusoshi a jikin sabon fentin nan. Ba fankar da ta tsaya.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sa wuyar da ka sha ta zama kaffara. Ina yi wa mai ɗakinka da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Babban ɗanka kuma, ranar da ya tsufa ya yi magana daga ɗakin baya, Allah ya sa a saurare shi.