Gilashin da Na Ƙwanƙwasa a Tottenham

Ban taɓa shiga aji ba. Ginin tukwane na gada wurin mahaifiyata, shi nake yi har babban ɗana ya aika aka kawo ni Landan bayan rasuwar babansa, cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin. Sunansa ba zai fito bakina ba. Mu ba ma kiran ɗan fari, ba ma yabonsa a gabansa. "Kai" nake ce masa, ya san da shi nake.

Muna wani flat a unguwar Tottenham, hawa na uku, ni da shi da matarsa. Kullum ya bi tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa jami'a, ya dawo da tabon ƙuna a yatsu. 'Ya'yan mutane likitoci da lauyoyi. In mata suka tambaye ni wurin suna me nawa yake karantawa, sai in ce kimiyya, in kau da kai. Ni dai na ji narka gilashi yake yi. In wannan ne, ai da Bida ya je ya koyi yin munduwar gilashi.

Wata Asabar ya jera dunƙulen baƙin gilashi huɗu a teburin kicin. Ya ce an ba shi aiki a wata ma'aikatar nukiliya can arewacin Ingila, kuma ba zai karɓa ba sai na yarda.

"Inna, tashar nukiliya in ta ba da wutar lantarki tana barin datti mai guba, wanda zai yi shekaru dubbai yana cutarwa. Busar da shi ake yi, a narka tare da gilashi, a zuba cikin gwangwanin ƙarfe. In ya daskare gubar ta kulle a ciki, sai a binne can ƙarƙashin duwatsu."

"Shi ne ka kawo min kicin?"

"Na gwaji ne, babu guba."

"Ashe kwasar shara ka zo yi Ingila."

Matarsa ta tuntsire da dariya ta shige ɗaki. Ni ban yi dariya ba, don na riga na shirya cewa a'a.

Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na ɗauki dunƙulen ɗaya bayan ɗaya, ina ƙwanƙwasawa da cokali kusa da kunne, kamar tukunyar da za ta kasuwa. Uku suka yi ƙara tas. Na huɗun ya amsa a dushe.

"Wannan ya tsage."

"Lafiyarsa lau, Inna, na duba."

"Idonka ne ya duba. Wa ya fitar da shi daga wuta bai huce ba?"

Ya ce shi ne, ya yi saurin ya sami Juma'a.

Na zuba masa ido in ga yadda zai yi. Na san magina da yawa masu shafa laka a kan tsaga su sayar. Ranar Litinin ya yanka dunƙulen a ɗakin gwaji, ya tarar da tsagar a ciki siririya kamar gashi. Ba wanda ya sani sai mu biyu. Da ƙafarsa ya je ya gaya wa malaminsa, ya roƙi mutanen ma'aikatar su jira shi, ya sake gwajin tun daga farko, wata guda cur. Ya ce min ta tsaga ruwan ƙasa ke samun hanya, kuma wanda zai sha ruwan ko kakan kakansa ba a haifa ba.

Ranar da ya gama ya durƙusa gabana yana jiran amsa. Na ci gaba da tsintar shinkafata.

"Kai, je ka. Amma kada ka ƙara yi wa wuta gaggawa."

Matarsa na samu a kicin na gaya mata sauran maganar, na ce mijin nan nata ya iya gini. Na san kafin la'asar ta kai masa. Sunan da aka yi bayan nan a unguwar Peckham kuwa, ban jira an tambaye ni ba. Na ciro tsagaggen gilashin daga jaka, na yi wa matan bayani tun daga tushe.