Bangon da Kaka Ta Hana a Sare

Jiya na wuce inda magina ke kwaɓa ƙasa a bayan tashar jirgi a Nguru, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar ya tsayar da ni cak. Ba abin da ya faɗo mini a rai sai kufan kakanninmu.

Yana can gaba da Gashua, a kan tudu kusa da kogi. Ka san irin gidajen dā, masu ganuwa da ƙofa ɗaya saboda mahara. Ko da na yi wayo, abin da ya rage tsaye shi ne bangon zaure, mai kaurin gaske, da 'yan ramukan da ake harba kibiya ta cikinsu. Duk shekara in ruwa ya ja baya, an gama girbin gero, kakarmu takan kora mu can da ƙwarya da fartanya. Mu taka laka, mu yaɓe inda damina ta zaizaye, sannan duk yaron da ya zo karon farko ya danna tafinsa a lungun da ruwa ba ya dukansa. A lungun nan ta nuna mini tafin mahaifina bayan rasuwarsa, ɗan ƙarami kamar nawa.

Wata shekara muka tarar da baffana da amalanken shanu, yana sarar gindin bangon. Ƙasar kufai taki ce, gonar albasarsa yake son kai wa.

"Inna, bango fa ba ya ciyar da kowa," in ji shi.

Kaka ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta shimfiɗa mayafinta, ta zauna daidai inda bangon zai faɗo.

"Ci gaba da sara. In ya faɗi ka kwashe har da ni, albasar za ta fi kyau."

Ya yi magiya har rana ta take, ba ta motsa ba. Mu ma muka zauna gefenta, ni kuwa tsoro ya cika ni. Daga ƙarshe ya juya shanunsa, amalanke wayam.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Yanzu tifofi ke zuwa, sauran ganuwar duk ta tafi gonaki, ɗan baffan nan kuma yana ce mini in daina wahalar da kaina, bangon ya kusa faɗuwa. Wataƙila gaskiyarsa ce. Amma bara na kai 'yata, ta danna tafinta kusa da na kakan da ba ta taɓa gani ba, kuma bana ma za mu koma. Duk mai son ƙasar nan ya taho da tifarsa, zai same ni zaune a gindin bangon.