Bakin Dillalin Raƙuma

A shekarun da fari ya koro dabbobin Damagaram zuwa kasuwar Maigatari, babu dillalin raƙuma da ya kai taubashina baki. In ya ɗaga murya a kara, wurin cinikin dabbobi, na rantse har a Gagarawa mata kan ajiye taɓarya su saurara. Raƙumin da ya rame kamar tsani, sai ya yabe shi har mai shi ya ji ba ya son sayarwa. Da wannan bakin yake ciyar da gida guda.

Wata Alhamis guntun sigari ya ta da gobarar da ta cinye rumfunan zana, sai dagaci da duba-gari suka kori masu teburin sigari zuwa bayan tasha. Masu garin taba kuwa ba wanda ya ce musu kanzil, don a wurinmu ita magani ce: ba hayaƙi, ba gobara, ga ta da kashe ciwon haƙori. Taubashina ya fi kowa murna. Ya riƙa tsokanata don ina shan sigari, wai huhuna ya zama murhu, shi kuwa tsaf yake, taba da kanwa kawai yake dannawa a ƙasan leɓe.

Da wani farin miki ya fito masa a dasashi, me zai sa masa in ba maganin da ya sani ba? Ya ƙara taba, ya ƙara kanwa, ya ce raɗaɗin nan alamar tana aiki ce. Duk muka yarda. Wata gwaggonmu ta Sule Tankarkar ma har ta aiko masa da mai ƙarfi.

Sai da haɓarsa ta kumbura, wari ya sa masu saye suna ja da baya, sannan muka hau mota zuwa Gumel. Likita ya leƙa, ya tambayi wanda ya ce a zuba taba a miki. Na ce kowa da kowa. Ya tura mu Kano. A can suka ce ciwon daji ne, suka yanke rabin harshe da muƙamuƙi.

Ya koma kara da rawani naɗe har hanci. Wani Buzu da suka saba ya miƙa masa akalar raƙuminsa, ya ce, "Dillali, yaba min shi."

Ya buɗe baki. Abin da ya fito, ko ni ban gane ba.

Na ce, "Ɗan'uwa, raɗa min a kunne, ni in faɗa musu."

Ya girgiza kai, ya mayar wa Buzun akalarsa, ya je inuwa ya zauna. Bai ga kakar shekarar ba.