Na'urar da Ta Fito da Muryar Inna

Babana mai goge ne. Na fara da wannan don a ƙuruciyata ɓoyewa nake yi, yanzu kuwa da furfura ta cika mini kai ba ni da wanda zan ji kunyarsa. A wani ƙauye kusa da Lugu aka haife mu, kuma duk wasan bori da za a yi bayan an kai gero rumbu, shi ake aiko wa. Abin da ya rage mini nasa kaset ɗaya ne, wanda yayana ya ɗauka da rediyon da ya dawo da ita daga cirani. Da na ga kaset ɗin ya fara jan ƙafa, na kai shi Yamai aka juye mini a diski, irin wanda ake soka wa kwamfuta. Ban daɗe da dawowa ba rediyo ta tauna zaren ta tofar. Ban damu sosai ba, tunda ga Baba a diski.

Da na aje aikin koyarwa na zauna Dogon Dutsi, ɗana da ke Yamai ya aiko mini wani ɗan akwatin kiɗa, irin mai ɗebo waƙa daga intanet ko daga diski ya miƙa wa ampili, wato na'urar ƙara sauti. Na haɗa shi da tsohon ampilina da lasifika biyu. Waƙoƙin zamani ba laifi. Amma da na sa gogen Baba sai na ji kamar sauro a gwangwani. Na kira yaron na sauke masa kwandon faɗa, ya bari na gama, sannan ya yi mini bayani. Wai a kwamfuta kiɗa lambobi ne, sai an juya su sun koma sauti, kuma mai juyawar da ke cikin akwatin ɗan arha ne. In nemi na waje, wanda ake kira dak, in sa shi tsakanin akwatin da ampili.

Na yi makonni ina karatun dak a waya kamar mai shirin jarrabawa. Akwai mai shan wuta daga jikin akwatin, akwai mai wutar kansa, akwai mai son wayar haske. Matata ta ce mutumin da sai an kira shi sau uku kafin ya amsa, shi ne yau ke neman ƙarin sauti. Na ce mata kira dai nake ji, amsawa ce ba na so.

Da karatun ya rikita ni sai na tafi wurin Alhaji. Alhaji abokin kaciyata ne, ɗaki ɗaya muka yi jinya, kwano ɗaya muka ci. Yana da shagon kayan lantarki a kasuwa, kuma a Dutsi duka babu wanda ya kai shi sanin waya da na'ura. Shekarun nan ya tara gemu, ya ɗage wando, sahun gaba ba ya wuce shi. Mahaifiyarsa, wadda ni ma Inna nake ce mata, godiyar Doguwa ce a zamaninta, wato iskar kan hau ta idan an yi kiɗa. Tun muna yara yake ce mini ɗan mai goge, ni kuma in ce masa ɗan Doguwa, mu yi dariya. Ban lura ba cewa ya daɗe da daina tsokanata, ni kaɗai na ci gaba.

Ya saurare ni, ya girgiza kai, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a ƙasarmu. "Mushe, kai dai ba ka girma. Bari in tahi Sakkwato in taho ma da biyu. Wanda kunnenka ya so, shi za ka ɗauka."

Ya cika alkawari. Ranar wata Laraba bayan la'asar ya zo da su a jakar leda, muka zauna a ɗakina. Na farko ƙarami ne, bai fi akwatin ashana ba. Ya gyara sautin, amma duk sa'ad da wuta ta yi rawa sai ya ɗauki wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na biyun mai nauyi ne, da wutar kansa. Alhaji ya haɗa shi, ya ce in sa abin da na fi sani. Na sa Baba.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Gogen ya buɗe. Na ji bakan yana cizon tsirkiya, na ji numfashin Baba kafin ya ɗaga murya, na ji masu kiɗan ƙwarya su uku ne, ni da nake zaton biyu ne tsawon shekaru. Can bayansu, inda da hayaniya kawai nake ji, sai ga muryar mace ta fito sarai, tana wannan doguwar ƙara da ake yi idan iska ta sauka, daga nan ta shiga magana da muryar da ba tata ba.

Baki shi ke yanka wuya. Na buga cinya na ce, "Alhaji! Wagga ba Inna ta ba? Ɗan Doguwa, ga tsohuwarka an hau!"

Ina ta dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Ya dubi ƙofa, inda labule ke motsi, don matata da wata maƙwabciya suna tsakar gida. Sannan ya ce wannan na biyun shi ya dace da ni, amma akwai saitin da sai a shago, in ba shi akwatin da diskin kwana biyu. Na naɗe masa komai da hannuna, har da raka shi bakin hanya. Ko a mafarki ban kawo wani abu ba. Ɗana ya sha ce mini in juye diskin a wani wuri, ina cewa gobe. Kuma a wurinmu, abokin kaciya ba a ce masa tsaya in kwafa tukuna, zagi ne.

Ranar Juma'a da hantsi na dawo daga unguwa na tarar ya zo ya haɗa komai ya tafi. Wayoyin a ɗaure tsaf, aikin gwani. Na kunna. Babu Baba. Na duba sama, na duba ƙasa. Diskin cike yake maƙil da karatu da wa'azi, babu masakar tsinke.

Ban san yadda na isa kasuwa ba. Na same shi yana gwada wa wani fitila, ya sallame shi a natse, ya nuna mini benci.

"Ina gogen babana?"

"Na yi ma gyara, Mushe. Duk sa'ad da anka saurari wanga abu, zunubi na bin tsohon har kabari nai. Ka gode mani."

"Ka aje shi wani wuri?"

"Ban aje ba. Na shahe shi."

Na ce masa, da ƙarfi, har masu shagon kusa suka leƙo, "Shekara nawa ka san ina da shi ba ka ce komi ba? Ba babana ka ceta ba. Kunyar uwarka ka ji, kar 'yan sahun gaba su ji ta." Ya sunkuyar da kai yana murza carbi, bai musa ba. Da ya musa ma da na fi jin sauƙi.

Na kira ɗana. Ya ce abin da aka share ana iya dawo da shi, muddin ba a rubuta wani abu a kai ba. Na ce an cika diskin taf. Ya ce, "To Baba, wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi." Wannan ita ce ta fi ci mini rai. Ba fushi ya ɗebe shi ba. Zama ya yi kwana biyu, da ilimin da na je nema wurinsa, ya toshe duk hanyar da Baba zai dawo. Karatun da ya zuba ba ni da ja da shi, ni ma musulmi ne, ina saurare. Amma an ci amanata, kuma da hannuna na miƙa.

Dak ɗin yana nan, kuma gaskiya ɗaya ce, zaɓin ya yi kyau. Ko wuta ta yi rawa ba ya gurnani. Wani lokaci nakan zauna gabansa in gwada rera gogen da baki. Farkon yana zuwa, ƙarshen yana zuwa, amma akwai wani lanƙwasa a tsakiya da Baba kan yi, na neme shi na rasa. Da Alhaji kuwa muna haɗuwa wurin jana'iza, mu ba juna hannu, kowa ya dubi wani wuri.

Bayan girbi na je gaisuwar rasuwa Gesheme, inda Inna ke zaune wurin 'yarta. Ba zai yiwu in shiga garin ban gaishe ta ba. Ta tsufa ƙwarai, idanun sun tafi, amma da na yi sallama ta gane ni. Ashe maƙwabciyar nan ta kai labari har can. Ta laluba ta kama hannuna da nata biyu.

"Ɗana, an ce kana da gogen babanka, har da ni ciki. An ce kamar muna tsakar hili. Ka taho mani da shi in ji ko sau guda. Duk waɗanda munka yi wasan nan sun tahi, ni ɗai ta rage."

Maganar ta zo mini har baki. Kalma huɗu ce, ɗanki ya shafe shi, da na faɗa na huce. Na dubi hannuwanta a kan nawa, hannuwan da suka dama mana kunu ni da ɗanta muna ɗakin kaciya.

Na ce, "Kaset ya lalace, Inna. Rediyo ta cinye shi."

Ta ce, "Ayya. Da ka kai ma abokinka, ai shi ba abin da ba ya gyarawa."

Na ce mata haka ne.