Hannun Kawu Burushi

Kawuna mai fenti ne, kuma tun kafin a haife ni ake ce masa Burushi. Shi ne autan su mahaifiyata, shi kaɗai ne kuma bai taɓa barin gidan Kaka ba. A ɗakin baya ya yi aure, a nan matarsa ta rasu ba su haihu ba, a nan ya ci gaba da zama. Da Kaka ta makance shi ya zame mata ido. Inda ba ta yarda ya riƙe ta ba shi ne hanyar banɗaki. Bango take dafawa ta bi barandar da kanta, har tafin hannunta ya bar wani dogon layi baƙi-baƙi daidai ƙugun mutum, daga ƙofarta zuwa ƙarshen baranda.

Kawu ba ya iya wuce bango bai shafa ba. Ko dubiya ya je, sai ya laluba bangon ɗakin ya girgiza kai kafin ya ce ya jiki. Amma wannan layin bai taɓa kai masa burushi ba.

Bayan rasuwar Kaka 'yan'uwansa suka yanke a sayar da gidan. Haƙƙinsu ne, na sani, amma na ji haushi kuma har yau ban huce ba. Babban yayansu ya kawo dillali, wani mai sheƙi da ƙamshi kamar a turare ya kwana. Ya zaga gidan yana nuni da makullin mota.

"Mai saye ba gidanku yake son gani ba, nasa yake son gani," in ji shi. "Duk abin da zai nuna akwai mutum a nan a kwashe. Hotunan nan, labulen nan, kujerar tsohuwar. Bango kuma ya zama fari ƙal."

"Faɗuwa ta zo daidai da zama," in ji babban yaya. "Ai muna da mai fenti a gida."

Kawu ya ce to. Duk rayuwarsa bai taɓa ce wa yayansa a'a ba.

Daga nan ya zama baƙo a gidan da aka haife shi. Aka hana shi girki don kada kicin ya yi wari. Aka hana shi shanya a tsakar gida. Gadonsa ya tafi sito, sai katifa da yake naɗewa kowace safiya ya cusa a bayan bokitan fenti. In dillali ya bugo waya ya ce ga masu dubawa nan, Kawu zai bi ɗakuna yana tsince kansa: silifa, buta, tabarau, kofin shayi. Dillalin har dabara ya koya masa. "In sun tambaya, ka ce kai mai fenti ne kawai. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Ni kuwa da nake kai masa abinci, bakina bai iya shiru ba, shi ya sa yake ce mini Aku.

"Kawu, kai fa kake haƙa ramin da za a tura ka," na ce. "Duk ɗakin da ka gyara, ƙofa kake buɗe wa mai korarka. Ka ɓata aikin mana! In gidan bai yi kyau ba wa zai saya? Su gaji su bar maka."

"Aku, ban san yadda ake ɓatawa ba."

"Ka koya. Kowa ya iya sai kai?"

Ya daɗe yana kallon barandar, ita kaɗai ta rage. Ya bayyana mini cewa maiƙon hannu ba ya ɓuya a ƙarƙashin fenti sai an wanke da sabulu, an goge da samfefa, takardar nan mai kaushi, an yi shafen farko an bar shi ya bushe. In aka tsallake wannan, zai sake ɓullowa. Na ce to ka tsallake. A gabana ya tsinka fentin da ruwa ya yi shafe ɗaya sama-sama, yana yi yana kawar da kai kamar mai shan magani. Da bangon ya bushe, layin Kaka ya fito rawaya-rawaya, ga sawun burushi ko'ina.

Masu dubawa na gaba wani mutum ne da matarsa. Falo ya burge su, kicin ya burge su. Da suka shigo baranda matar ta ja baya ta ce bangon nan ruwa yake sha. Mijin ya juya ya ga Kawu tsaye da kayan aiki.

"Malam, kai ka yi wannan?"

"Ni ne."

"Da furfurarka? Ka ji tsoron Allah, wannan ai cuta ce."

Suka fice ba su waiwayo ba, dillali na binsu yana rantse-rantse. Ni murna kamar in taka rawa. Kawu kuwa ya zauna a kan bokiti kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki, abincin ma bai buɗe ba.

Washegari da na zo, ƙarar samfefa ce ta tarye ni tun daga ƙofa. Yana durƙushe, gira da gemu duk farar ƙura, ya riga ya cinye rabin layin.

"Kawu! Mun fa ci nasara!"

"Na sani."

"To ina za ka zauna?"

"Ban sani ba, Aku. Amma mutumin jiya zai je ya ce ya ga aikina." Bai ko ɗago ba. "Miƙo mini tsumman can."

Na yi masifa, na yi kuka, na kira shi mai taurin kai. Daga ƙarshe na miƙa masa tsumman. Hali zanen dutse. Ya wanke, ya goge, ya yi shafe a kan shafe, har ni da na san inda hannun Kaka yake bi na neme shi na rasa. Waɗanda suka zo bayan nan ba su ko yi dogon ciniki ba. Matar mai sayen ta bi barandar tana shafa bango tana cewa kamar ba a taɓa zama a gidan ba.

Yanzu Kawu a shagonsa yake kwana, tsakanin gwangwanaye da tsani. Mahaifiyata ta yi ta roƙonsa ya dawo wurinmu, ya ce warin kananzir ya fi masa sauƙi a kan zaman gidan suruki.

Kwanan baya sababbin masu gidan suka nemi lambar mai fentin a wurin dillali, wai farin ya yi musu yawa, suna son a canza launi. Na ce kada ya je. Ya ce in bai je ba wani zai je ya lalata bangon. Na raka shi don in riƙe masa bokiti. Da muka isa ƙofar na ga hannunsa ya shiga aljihu yana laluben makulli. Ya tsaya, ya fito da hannun a hankali, ya goge shi a jikin wando. Sannan ya ƙwanƙwasa, muka tsaya muna jira a ce mu shigo.