Hula a Ƙafa Ɗaya

Tana tsaye a tsakar ɗakina da takardu a hannu, ni ina kan tabarma a matsayin malamai, sai ta zo kan maganar huluna. Jikata ce, 'yar ɗana na biyu, a wurina take zaune a Jekadafari tun da ta shiga jami'a. Ran nan ƙarfe biyu za ta kare aikinta na ƙarshe, shi ne ta ce in zauna ta gwada bakinta a kaina kafin a kawo wuta.

Aikin wani allo ne kore, bai kai tafin hannuna ba. Wai agogo ne, amma ba ya nuna ƙarfe nawa, bugu yake ba wa sauran na'urori su yi aiki a tare. Na malaminsu ne, kuma shi kaɗai ne a sashen. Ya ce mata idan ya ƙone sai dai ta jira baɗi.

Ta ce allon yana iya samun wuta ta hanya biyu, ko ta igiyar kwamfuta, ko ta wani akwatin wuta da ta aro. Amma ba a haɗa masa duka biyun. Abin da ke zaɓa wasu 'yan huluna ne baƙaƙe, kamar ƙwayar wake, da ake kifawa a kan ƙafafun ƙarfe bibbiyu. Yau akwati zai ba shi wuta, kwamfuta kuma umarni kawai za ta aika masa. Don haka hular wutar kwamfuta ta cire ta, ta rataye ta a ƙafa ɗaya don kar ta ɓace.

Na ce, idan ta hau ƙafa biyu fa?

"Hayaƙi, Dada. Ke da ni sai mu koma sayar da ƙosai."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Da safe tana wanka na shiga share mata ɗaki, na ga kwalin allon a buɗe, na ga hula a karkace tana shirin faɗuwa. Shekara arba'in ina ɗinkin hula, ban iya ganin abu a karkace in wuce ba. Na sa farce na zaunar da ita daram, na rufe kwalin, har ina jin na yi abin kirki.

Ta ci gaba da Turancinta. Sau nawa ta ce min kar in taɓa kayanta, ni kuma na ce mata ɗakina ne, kafin a haifi ubanta nake shara. Yanzu in buɗe baki in ce me? Na yi tunanin in aike ta shago in mayar da abin a ɓoye. To a wace ƙafar take, ta dama ko ta hagu? Ban lura ba. Kuma ta taɓa cewa taɓa allon da hannu ma yana iya kashe shi.

Sha biyu ta wuce. Na ce ta ci tuwo, ta ce ba ya shiga. Na fara roƙon Allah a zuciyata kar a kawo wutar, sai na ji kunyar kaina, don idan ba a gida ta haɗa shi ba, a gaban malamai za ta haɗa.

Ɗaya saura kwata fanka ta juya. Ta zabura, ta jona kwamfuta, ta jona akwatin, ta fito da allon. Ta sa masa igiyar akwati. Ta ɗauko ta kwamfuta, ba ta ko kallon hulunan, tunda ta san yadda ta bar su.

Na ce, "Ajiye igiyar nan. Na taɓa."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ajiye igiyar a hankali, ta sunkuya, ta ga hular zaune a ƙafa biyu. Ta ɗauko ɗan matsefin ƙarfe ta cire ta. Ba ta dube ni ba ta tambaya ko ita kaɗai ce.

Na ce ina jin ita kaɗai ce. Ta ce "ina jin" ba zai yi ba, huluna sun fi goma, takardar da ta rubuta tsarinsu kuma tana wurin malami. Akwai wadda ke zaɓar inda allon zai karɓi umarni, ko daga kwamfuta ko daga abin da aka ajiye a cikinsa. Idan ita ma na gyara ta, ba zai ƙone ba, amma zai yi mata kurma a gaban mutane.

Sai na tuna littafina. Ni da tsufana na shiga ajin manya a Bagadaza, kuma malamarmu ta ce duk rubutun da muka gani mu kwafa, ko na buhun taki ne. Da safen, duk hular da na zaunar sai na kwafi farin rubutun da ke gefenta. Na jawo littafin daga ƙarƙashin matashi, na buɗe shafin ƙarshe. Ga shi da hannuna mai kama da tafiyar kaza: J4. A ƙasansa kuma J9.

Biyu ne ashe.

Ta karɓi littafin ta daɗe tana kallo. Ta ce tara ce wannan ko huɗu? Na ce tara ce, ni na rubuta, kar ta raina min hankali. Ta nemo J9, ta ɗaga hular ta mayar ƙafa ɗaya. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya da bakin matsefin, leɓenta na motsi. Sannan ta yi bisimilla ta soka igiyar.

Na ja hanci ina neman ƙauri. Babu. Wata 'yar fitila koriya ta kama. Ta danna wani abu, kwamfutar ta yi shiru kamar ta mutu, can sai lambobi suka cika ta.

Ta kashe, ta naɗe igiyoyin, ta sa hijabi. A bakin ƙofa ta dawo ta yage shafin daga littafina ta cusa a jaka.